Injin da ke cikin burauzarka: me ya sa suke sakinsa kyauta, kuma wa ke riƙe da sitiyarin?

Ranar Asabar da ta wuce ina shagon wani abokina a Farm Centre, ana ta hayaniyar masu neman caja da masu son a manna musu gilashin waya, sai wani ƙaninmu da ya fara koyon haɗa shafukan intanet ya jefo min tambaya. Ya ce yaya, ni fa akwai abin da ya ɗaure min kai, an ce injin da ke cikin Chrome kyauta Google suka sake shi, kowa na iya saukewa ya karanta har ya canza, to su ina ribarsu, kuma in dai kyauta ne me ya hana mu ma mu haɗa tamu burauzar a nan Kano? Na fara ba shi amsa a tsaye sai na ga maganar ba ta tsaye ba ce, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, don na san ba shi kaɗai abin ke damu ba.

Mu fara da injin kansa tukun. Duk shafin da ka buɗe abu uku ne ke sauka a wayarka. Akwai HTML wanda shi ne ginin, akwai CSS wanda shi ne fenti da ado, sai kuma JavaScript wanda shi ne mai motsi. Ka danna maɓalli a shafin JAMB ya ce maka lambar wayarka ba ta cika ba tun kafin ka tura, ko kana Facebook kana jan allo sababbin rubutu na ta fitowa ba tare da shafin ya sake lodi ba, duk aikin JavaScript ne. Matsalar ita ce furosesan da ke cikin wayarka ba ya jin wannan yaren ko kaɗan, nasa yaren daban ne, lambobi ne zalla. To manhajar da ke tsaye a tsakani tana karɓar JavaScript tana mayar da shi abin da furosesa zai aiwatar, ita ake kira inji. Na Chrome sunansa V8, na Firefox SpiderMonkey, na Safari JavaScriptCore.

Kuma aikin nan ba ƙarami ba ne, a nan ne ma duk wahalar take. Ku ɗauka ɗan Chana ne ya zo Kantin Kwari yana ciniki ta bakin tafinta. Hanya mafi sauƙi ita ce duk jimlar da aka faɗa tafinta ya fassara, a sake faɗa ya sake fassarawa, ko da tambaya ɗaya ce ake ta maimaitawa sau ɗari biyar a wuni. Haka injinan farko suke, layi bayan layi, shi ya sa suke da nawa. Sai aka zo da dabara: tafinta ya riƙa lura, in ya ga tambayar nawa ne bandir ta dawo sau goma, kawai ya rubuta amsar a allo ya rataye, duk wanda ya zo ya duba. A inji ana kiran wannan JIT, wato fassara nan take ana cikin aiki, injin yana sa ido ya ga wane ɓangare na kod ɗin ne ake ta zagayawa a kai, sai ya mayar da shi yaren furosesa kai tsaye ya ajiye. Amma fa JavaScript yare ne mai wuyar sha'ani, ba ya tilasta maka ka faɗi ko abin da ka ajiye lamba ce ko rubutu ne. Ka haɗa 2 da 2 ya ba ka 4, amma in ɗaya daga ciki rubutu ne sai ya manna su ya ba ka 22. Don haka injin caca yake yi, ya ce tunda sau dubu lambobi na gani a nan to lambobi za su ci gaba da zuwa, ya rubuta allonsa a kan haka, ranar da rubutu ya faɗo kuma dole ya sauke allon ya koma fassara da baki. Ga kuma kwashe shara, duk abin da shafi ya gama amfani da shi a memori injin ne zai gano ya share, kuma ya yi ba tare da allon wayarka ya tsaya cak ba. Wannan duka fa a cikin ƙiftawar ido, a kan kod ɗin da wani baƙo ya rubuta wanda ba ka san nufinsa ba.

Tarihin sakin injinan nan ya faro ne daga Netscape. A 1995 Brendan Eich ya rubuta JavaScript na farko cikin kwana goma, Microsoft suka yi nasu kwafin mai suna JScript suka sa a Internet Explorer a 1996, suka kuma riƙa bayar da burauzar tare da Windows. Netscape suka ga ruwa na neman cinye su, sai a ƙarshen Maris na 1998 suka buɗe kod ɗin burauzarsu ga duniya, har da SpiderMonkey a ciki. Daga nan Mozilla ta fito, daga ita kuma Firefox a 2004. Ku lura da wannan tun yanzu, ba lokacin da suke kan ganiyarsu suka buɗe ba, sai da kasuwa ta fara suɓuce musu.

Labarin da na fi son mutane su sani shi ne na Tamarin, don yawancin yaranmu masu koyon kod ba su taɓa jin sunan ba. Waɗanda suka yi zamanin kafe, lokacin da ake sayen awa ɗaya a zauna ana jiran shafi ya buɗe, za su tuna Flash Player, wanda in babu shi bidiyon YouTube ba ya tashi, wasannin cikin burauza ma haka. Flash na da nasa yaren, ActionScript, ɗan uwan JavaScript ne na jini, kuma a 2006 da Flash Player 9 ya fito yana ɗauke da sabon inji mai JIT, a lokacin da injinan burauza duk suna fassara da baki. Sai ranar 7 ga Nuwamba 2006 Adobe, wadda ba ta daɗe da sayen Macromedia mai Flash ba, ta sanar cewa ta miƙa wa Mozilla kod ɗin wannan injin, layi kusan 135,000, kyauta mafi girma da Mozilla ta samu tun bayan ta Netscape. Aka sa wa aikin suna Tamarin, wani ɗan ƙaramin biri ne na Kudancin Amurka, don ya dace da al'adar Mozilla ta sa sunan birai.

A takarda kowa ya ci riba. Mozilla na neman sauri ido rufe saboda Gmail da Google Maps sun riga sun nuna cewa shafi zai iya zama cikakkiyar manhaja, injin da suke da shi kuma yana haki. Adobe kuma nata lissafin ya fi zurfi. Akwai kwamitin da ke tsara ƙa'idar yaren a ƙarƙashin hukumar Ecma da ke Geneva, ana ce masa TC39, a lokacin suna aikin bugu na 4 na ƙa'idar, kuma ActionScript 3 a kan daftarin wannan bugun aka gina shi. Kun ga ke nan in bugu na 4 ya tabbata, kuma Firefox na tafiya da injin Adobe, to yaren Flash ya zama yaren intanet gaba ɗaya, duk wanda ya iya ɗaya ya iya ɗayan, kayan aikin Adobe kuma su ne a gaba. Ba laifi ba ne, kasuwanci ne, amma ba sadaka ba ce.

To sai abin bai tafi yadda aka tsara ba, ta fuska biyu. Ta farko ta fasaha ce: Tamarin yana gudu ne in mai rubutu ya bayyana wannan lamba ce wancan rubutu ne, kamar yadda ake yi a ActionScript, amma kod ɗin da ke zube a shafukan duniya ba haka aka rubuta shi ba, da aka gwada shi a kan irin wannan sai saurin da ake tsammani bai fito ba. Ta biyu siyasa ce: Microsoft da Douglas Crockford na Yahoo suka ƙi amincewa da bugu na 4, suka ce ya yi girma ya canza yaren da yawa, aka yi ta ja-in-ja har a Agustan 2008 aka jingine shi baki ɗaya. Shi ya sa in kuka duba za ku ga daga bugu na 3 sai na 5 a 2009, babu na 4. Mozilla ta fasa dasa Tamarin a Firefox. Abin da ta ɗauka wani ɓangare ne kawai mai suna NanoJIT, ta yi amfani da shi a TraceMonkey da ya fito a Firefox 3.5 a 2009, shi ma bayan 'yan shekaru aka cire shi aka sa wasu. Flash kansa an rufe babinsa a ƙarshen 2020. Kod ɗin Tamarin bai ɓace ba, har yanzu a buɗe yake, mai so na iya ɗauka har gobe, sai dai babu mai ɗauka.

Ana cikin wannan ne, ranar 2 ga Satumba 2008, Google ta fito da Chrome tare da V8, kuma tun ranar farko a buɗe yake. Wata ƙaramar tawaga ce ta gina shi a garin Aarhus na Denmark ƙarƙashin Lars Bak, mutumin da ya daɗe yana aikin irin waɗannan injina tun a kamfanin Sun wajen Java. Sunan ma daga injin mota aka aro shi. V8 na farko bai tsaya wani fassara da baki ba, kai tsaye yake mayar da komai yaren furosesa, kuma an gina shi ne don JavaScript yadda mutane ke rubuta shi a zahiri ba yadda ake fatan su rubuta ba, nan ne bambancinsa da Tamarin.

Yanzu amsar tambayar ƙanin nan nawa, ina ribar Google. Google ba inji take sayarwa ba, talla take sayarwa. Duk minti ɗaya da ka ƙara a intanet kana bincike, kana kallon YouTube, kana duba taswira, kuɗi ne ke shiga aljihunta, don haka abin da take so shi ne intanet ya yi sauri a ko'ina, ko a burauzar wa. Kamar mai gidan mai ne ya gyara titin da ya bi ta ƙofar gidan mansa, kowa zai bi kyauta, shi kuma ya san inda masu bin za su tsaya. Sannan ta sake shi da lasisin BSD, wanda kusan ba ya ɗaure ka da komai, za ka iya ɗauka ka sa a kayanka ka sayar ba sai ka buɗe naka kod ɗin ba. Wannan ya sa a 2009 wani mai suna Ryan Dahl ya ciro V8 daga burauza ya gina Node.js a kansa, JavaScript ya koma yana aiki a saba, wato kwamfutocin da ke ajiye shafuka suna turo maka, kuma yau da yawa daga cikin matasanmu da ke samun aikin nesa ana biyansu daga waje da Node suke ci. VS Code da kuke rubuta kod a ciki ma V8 ne a ƙarƙashinsa. Wannan alheri ne na gaske kuma ni ma na ci moriyarsa, ba zan ɓoye ba.

Amma ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani. Microsoft ma ta buɗe nata injin, ChakraCore, a Janairun 2016, ta ɗora a GitHub da lasisin MIT, inji ne mai kyau ba na wasa ba. Ba a cika shekara uku ba, a Disamban 2018, ta ce ta haƙura, burauzarta Edge za ta koma kan Chromium na Google, wato buɗaɗɗen kod ɗin da aka gina Chrome a kai, sabuwar kuma ta fito a Janairun 2020 da V8 a ciki. Opera tun 2013 ta ajiye nata ta bi sahu. Samsung Internet, Brave, Vivaldi, duk V8. Hatta shafin da ke buɗewa a cikin wata manhaja a wayar Android, tun daga Android 4.4 Chromium ne ke nuna shi. Kamar adaidaita sahun garin nan ne, kowanne da irin kwalliyarsa da rubutun da aka yi masa a baya, amma ka ɗaga murfi ka ga injin kamfani ɗaya ko biyu ne. Manyan injinan da suka rage a burauza uku ne kacal, kuma na ukun, SpiderMonkey, mafi yawan kuɗin da ke riƙe da Mozilla daga Google yake zuwa saboda yarjejeniyar sa bincikenta a gaba a Firefox. Na Apple kuma ya tsira ne saboda a iPhone dole kowace burauza ta yi amfani da shi, Chrome ɗin da ke iPhone ɗinka ba V8 ne a ciki ba, sai a 2024 ne dokar Tarayyar Turai ta sa aka sassauta wannan a can yankin.

Don haka buɗe kod daban, mallakar sitiyari daban. Kowa na iya tura gyara ga V8, gaskiya ne, kuma akwai injiniyoyin Microsoft da Intel da wani kamfanin Sifen mai suna Igalia da ke aiki a kai, amma mafi yawan masu cewa wannan ya shiga wannan kar ya shiga ma'aikatan Google ne, su ke da albashin da ke zaunar da mutum shekara da shekaru a kan abu ɗaya. Lasisi ya ba ka damar ka kwafe ka kama gabanka, kuma an taɓa yi, Apple ta ɗauki injinan KHTML da KJS na wata ƙungiyar masu buɗaɗɗen kod mai suna KDE ta yi WebKit, tushen Safari, Google ma a 2013 ta ɓalle daga WebKit ta yi Blink, mai zana shafi a Chrome. To amma duba su waye suka iya ɓallewar. Ranar da ka kwafe, daga ranar duk ɓarakar tsaro da aka gano kai za ka toshe, duk sabon abin da TC39 ta ƙara a yaren, kuma tun 2015 kowace shekara sai an fitar da sabon bugu, kai za ka rubuta. Burauza mai sunan Kano a kan Chromium kam za mu iya haɗawa, ba abin mamaki ba ne, amma riƙon inji sai da kuɗin ciyar da shi kullum.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye wanda ba a cika faɗa ba. Tunda kod a buɗe yake, in aka toshe wata ɓaraka a V8 gyaran na fitowa fili kowa ya gani, har da ɓarayi, kuma tsakanin ranar da aka gyara da ranar da gyaran ya iso wayarka akwai tazara. A wajenmu tazarar nan ta fi tsawo, don mutane da yawa na kashe sabuntawa saboda tsadar data, wasu kuma wayar ta tsufa har ta daina karɓar sabon Chrome, ga shi kuma da ita ake shiga banki. Kuma da yake injin ɗaya ne a kusan ko'ina, ɓaraka ɗaya ta isa ta shafi burauza biyar lokaci guda. Ba ina cewa rufaffen kod ya fi tsaro ba, a'a, buɗewar ce ma ta sa masu bincike daga ko'ina ke gano matsaloli, Google har biya take yi in ka kai rahoto. Amma don Allah in kun samu waifai ku sabunta burauzarku, wannan kam ba abin wasa ba ne.

Ta ɗaya gefen kuma akwai abin da ya faranta min rai da na karanta shi. V8 da ya fara da cewa ba ruwansa da fassara da baki, a 2016 sai da ya dawo ya sa tafinta mai suna Ignition, kuma babban dalili shi ne yaren furosesa na cin memori da yawa, ƙananan wayoyin Android masu ram 512MB ko ƙasa da haka ba sa ɗauka, a kansu aka fara kunna shi. Wato irin wayoyin da ke cike da Farm Centre da titin Beirut ne suka tilasta wa injin canza tsari. Facebook ma a 2019 ta buɗe nata injin, Hermes, don manhajojin da aka haɗa da React Native, tsarinta na haɗa manhajar waya da JavaScript, su riƙa tashi da wuri a wayoyi marasa ƙarfi. Mu kasuwa ce da ake lissafi da ita, sai dai ana yanke hukuncin ne ba ma ɗakin. Ɗauki misalin jera sunaye: ka sa JavaScript ya jera maka sunayen ɗalibai, ina Ɗanladi zai faɗa, ina Ƙasimu, bayan D da K ko can ƙarshen jerin bayan Z? Injinan na dogara ne da bayanan harsuna na Unicode da ake kira CLDR, Hausa na ciki, amma wasu burauzoji kan datse harsuna don rage nauyi, kuma in ba mu muka gwada muka kai ƙorafi a inda ake karɓar rahoton matsala ba, ba wanda zai yi mana daga Kalifoniya. Wannan ƙofar a buɗe take, ba ta buƙatar biza ko digiri, rahoto mai kyau da misalin da za a iya maimaitawa kawai take so. Ni abin da ke min ciwo ke nan, ɗalibanmu na BUK da sauran makarantu na haddace yadda ake amfani da kayan, amma kaɗan ne ke leƙa cikinsu, alhali ga su a shimfiɗe.

Shi ƙanin nawa da na gama masa bayani cewa ya yi to zai sauke V8 ya fara karantawa a daren. Na ce masa ya dakata, kod ɗin da kayan haɗa shi gigabait ne masu yawa, datarsa za ta ƙare kafin ya ga layi ɗaya, kuma ko ya sauke zai ɓace a ciki. Na nuna masa QuickJS, ƙaramin injin da Fabrice Bellard, Bafaranshen da ya fara manhajar sarrafa bidiyo ta FFmpeg, ya saki a 2019 shi da wani abokin aikinsa. Da yaren C aka rubuta shi, ba shi da JIT, girmansa bai kai bidiyo ɗaya na WhatsApp ba, amma cikakken JavaScript ne kuma mutum ɗaya zai iya binsa daga inda ake karanta rubutu har inda ake kwashe shara. Mun sauke a nan shagon da hotspot ɗin abokina, na ce ya fara da neman inda injin ke yanke hukuncin ko 2 da 2 za su zama 4 ko 22, in ya gano ya kira ni.